Sojojin Dalma: Tarihin Yaƙin Kan Tebur Da Masu Yi Masa Fenti

Yau za mu ɗan ajiye labarin masoya da kishiyoyi a gefe, mu leƙa wata sana'a da ba a san ta sosai a wajenmu ba, alhali kuwa a ƙasashen Turai da Amurka akwai dattawa masu furfura da ke raba dare a kanta. Sana'ar ita ce yi wa wasu 'yan mitsi-mitsin sojoji fenti, waɗanda tsawon kowanensu bai kai ɗan yatsa ba, a manna su a kan ɗan dandamali, a yi wa dandamalin ado da yashi da ciyawa, sannan a jera su bisa tebur a gwabza yaƙi da su, da ƙwayar lido da tef ɗin awo irin na tela. Na san mai karatu zai ce wannan ai wasan yara ne. Ba zan yi musu ba, wasa ne. Amma wasa ne da ya fito daga fadar sarki, ya bi ta hannun manyan marubutan ƙagaggun labarai, ya zama kasuwa mai ƙarfi, kuma kakanninmu suna cikin waɗanda ake yi wa fentin. Wannan na ƙarshen shi ya sa na ga ya kamata in kawo maganar nan.

In ana neman mafi tsufan sojojin da aka yi wa fenti aka kuma kafa a kan dandamali, to sai an je Masar. A kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a garin Asyut, wanda ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce, an tono rukuni biyu na sojojin katako: Misirawa 40 masu mashi da garkuwa, da maharba 40 mutanen Nubiya masu kwari da baka. Kowane rukuni an kafa shi a kan allo guda, sahu goma, mutum huɗu-huɗu. An yi wa garkuwoyin zane irin na fatar saniya, an kuma bambanta launin jikin Misirawan da na Nubiyawan. Suna nan a birnin Alƙahira. Ba don wasa aka yi su ba, kayan rakiyar mamaci ne bisa al'adar mutanen wancan zamani. Na ambace su ne kawai domin mai karatu ya ga cewa tunanin jera mutane da yawa a kan allo guda a ce musu runduna ba jiya aka fara shi ba.

Shi wasan da muke magana a kai koguna biyu ne suka haɗu suka haife shi, kuma dukkansu daga Jamus suka ɓullo. Kogi na farko na masu zubi ne. A birnin Nuremberg, tun a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, iyalan gidan Hilpert suka shahara da zubin sojojin kuza. Yadda suke yi shi ne, a samu falalen baƙin dutse guda biyu, a sassaƙa gaban soja a jikin ɗaya, bayansa a jikin ɗayan, a haɗa su a ɗaure, a kwarara narkakkiyar kuza da aka gauraya da dalma ta wata 'yar kafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwa ya fahimci dabarar. Sojan da ke fitowa shafal yake kamar kwabo, in ka juya shi gefe sai ya kusa ɓacewa. A 1839 Ernst Heinrichsen ya kafa masana'antarsa a birnin, kuma shi ne ya tsayar da ma'auni guda, wato sojan ƙasa ya zama kimanin milimita 30, yadda wanda ya saya bana zai iya haɗawa da na baɗi ba tare da an ga ƙato kusa da wada ba. A kan sikeli ake sayar da su, cikin 'yan akwatunan itace. Fentin kuwa mata da yara ne ke yin sa a gidajensu, a biya su ladan da bai taka kara ya karya ba. Wato a farkon lamarin fenti aikin talaka ne, mai kuɗi saya kawai yake yi. Irin waɗannan sojoji ne Hans Christian Andersen ya gina tatsuniyarsa ta 1838 a kansu, ta sojan nan mai ƙafa ɗaya da kuza ta ƙare kafin a gama zuba shi. A yau gidan tarihi na Plassenburg da ke garin Kulmbach yana riƙe da fiye da 300,000 daga cikinsu.

Kogi na biyu na hafsoshi ne, kuma babu ruwansa da kyan gani. A 1780 wani malamin lissafi mai suna Hellwig ya faɗaɗa darar Turawa ya mai da ita filin daga mai gidaje 1,617. A 1812 wani mai sarauta, von Reisswitz, ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku na Furusiya wani teburin yaƙi da ya ƙera. Amma ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, shi ne ya yi aikin da ya ɗore. A 1824 ya fitar da dokokin Kriegsspiel, ma'ana wasan yaƙi. Ya watsar da gidajen dara, ya shimfiɗa taswirar ƙasa ta gaskiya, ya sa alƙalin wasa a tsakani, ya kawo ƙwayar lido domin ta tsaya a madadin abin da ba a iya hange a fagen fama, kowane zagaye kuma yana matsayin minti biyu. Sojojinsa ba mutum-mutumi ba ne, 'yan gutsattsarin dalma ne masu kusurwa huɗu, na wannan ɓangare ja, na wancan shuɗi. To ga inda hikimar take: faɗin kowane guntu a kan taswira daidai yake da faɗin filin da bataliya za ta cinye in ta ja sahu. Saboda haka in hanya ta yi ƙunci ko gada ta yi siriri, guntun ba zai wuce ba, kamar yadda bataliyar ba za ta wuce ba. Babban hafsan hafsoshi von Müffling da ya gani ya yarda cewa wannan horo ne, aka baza shi cikin rundunar. Shi kuwa matashin, Allah Sarki, bai ci moriyar abinsa ba, hassada da tsangwama suka yi masa yawa, ya kashe kansa a 1827. Bayan Furusiya ta lallasa Faransa a 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashe suka yi rububin kwaikwayon wasan.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan guntun dalma a ransa, domin a ganina shi ne kakan dandamalin da ake manna sojoji a kai yau. Sojan da ke tsaye a sama jikan Nuremberg ne, abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa kuma jikan Reisswitz ne.

Ingila ce ta ɗaura auren. A 1893 William Britain ƙarami ya gano dabarar zubi mai rami a ciki: a zuba dalma a mazubi, a juya, a tsiyaye ta tsakiya tun ba ta daskare ba, sai ɓawon kawai ya rage. Soja ya fito cikakke ta kowane gefe, ga rashin nauyi ga araha, tsawonsa milimita 54, da fenti mai sheƙi da ɗan dandamali kore. Cikin 'yan shekaru kamfanin Britains na Landan ya ƙwace kasuwar Ingila daga hannun Jamusawa.

Mu masu sha'awar adabi ga namu rabon a nan. Robert Louis Stevenson, a lokacin da yake jinyar ƙirji a garin Davos na ƙasar Suwizalan a farkon shekarun 1880, inda ya kammala littafinsa Treasure Island, ya kan hau ɗakin saman gida shi da agolansa Lloyd Osbourne su zana taswira da alli a daɓe, su yi makonni suna yaƙi guda, har yana rubuta rahotannin jaridar ƙarya a kan yadda fafatawar ke gudana. Osbourne ya ba da labarin a mujallar Scribner's a 1898. Sai kuma H. G. Wells, mai The Time Machine da The War of the Worlds, wanda a 1913 ya wallafa Little Wars, littafin da ya buɗe wa farar hula ƙofar wannan wasa. Ya ce abin ya samo asali ne ranar da abokinsa marubuci Jerome K. Jerome ya ɗauki 'yar igwar wasa bayan cin abinci ya fara harbin sojojin yara. Dokokin Wells masu sauƙi ne. A ja labule a tsakiyar ɗaki kowa ya jera rundunarsa a ɓoye, sojan ƙasa ya yi tafiyar ƙafa ɗaya a zagaye, mahayi ƙafa biyu, a auna da igiya. Harbi kuwa na gaske ne, da igwar Britains mai sifirin da ke cilla ɗan guntun itace. Wanda ya faɗi ya mutu. A ƙarshen littafin Wells ya kawo hujjar cewa duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau uku ko huɗu zai gane irin shirme da ɓarnar da babban yaƙi zai zama, ya fi kyau a tara masu son yaƙi a ɗaki guda a ba su sojojin dalma su sauke haushinsu. Shekara guda bayan haka, a 1914, Turai ta kama da wuta. Yaran da suka karanta littafin da yawansu a ramukan Faransa suka ƙare.

Akwai wani abu game da igwar Wells da ba a cika lura da shi ba. Muddin ana jifan soja da itace yana kifewa a daɓe, babu mai hankalin da zai ɓata dare yana zana masa maɓallan riga. Fentin zai ɓare ne kawai. Sai da ƙwayar lido ta kori igwa, sojoji suka tashi daga ƙasa suka hau tebur, ba mai taɓa su sai da yatsa biyu, sannan fenti ya samu daraja. Wannan ya faru ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Kalifoniya Jack Scruby ya fara zuba ƙananan sojoji yana sayar da su tsirara ba fenti, ya kuma kafa mujallar War Game Digest a 1957, wadda ta haɗa 'yan tsirarun masu wannan sha'awa da a da kowa ke ɓoye abinsa don kunya. A Southampton ta Ingila akwai Tony Bath da abokinsa Donald Featherstone, tsohon sojan tankar yaƙi wanda ya zama mai gyaran targaɗen 'yan ƙwallon garin. Littafin Featherstone mai suna War Games ya fito a 1962, ya bi shi da wasu masu yawa har ya rasu a 2013. A daidai lokacin kamfanin Airfix ya cika shaguna da akwatunan sojojin roba da kuɗin tara na ɗan makaranta zai iya saya. Matsalarsu ɗaya: robar tana lanƙwasa, fentin mai na Humbrol kuwa ba ya lanƙwasa, sai ka ga bindiga ta yi ɓawo tana zubar da launi. Britains kuma ya daina zubin dalma na yara a 1966 saboda guba. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Na manya ya ci gaba da fitowa da dalma har shekarun 1990, lokacin da manyan kamfanoni suka koma ƙarfen da babu ita.

Abin da ya sauya ke nan: fenti ya bar hannun matan da ake biya ya koma hannun mai wasan. Kuma da ya koma can sai ya jawo karatu. Wanda zai yi wa bataliyar Napoleon fenti dole ya san launin kwalar rigar wannan runduna da na waccan, ya san shekarar da aka sauya hula, ya san tuta. Daga nan aka samu ɗimbin littattafan kayan sarki masu hotuna, irin jerin Men-at-Arms na kamfanin Osprey. Na sha mamakin yadda direban bas ko ma'aikacin gidan waya a can zai iya yi maka bayanin sirdin dokin Farisawa na shekara dubu biyu da suka wuce, ba don ya shiga jami'a ba, sai don yana da 'yan dawaki goma sha biyu a kan tebur da ke jiran buroshi.

Yanzu bari mu zauna a kan dandamali, domin nan ne rigimar take. Mutane irin su Birgediya Peter Young da Charles Grant, masu littattafan Charge! na 1967 da The War Game na 1971, sun fi son kowane soja ya tsaya da ƙafarsa shi kaɗai. Abin yana da kyau a ido, amma ka yi tunanin matsar da mutum ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya a kowane zagaye. Kafin ka gama shayi ya huce, abokin wasa ya yi gyangyaɗi. A 1969 Phil Barker da abokansa na Wargames Research Group suka fitar da dokokin yaƙe-yaƙen zamanin da, inda soja guda ke wakiltar mutum 20, kuma aka ƙayyade faɗin da kowane irin soja zai ci. Masu sulke da ke yaƙi kafaɗa da kafaɗa an ba su wuri kaɗan, 'yan sari-ka-noƙe masu majajjawa an ba su wuri mai faɗi. Guntun Reisswitz ya dawo ke nan, sai dai wannan karon da mutane a kansa. A 1990 suka fitar da De Bellis Antiquitatis, wanda kowa ke kira DBA, inda kowace runduna dandamali 12 ce ba ƙari ba ragi, faɗin kowanne milimita 40 ga ƙananan sojoji masu milimita 15, ko 60 ga masu 25. Da ka hango dandamali ka ga mutum huɗu a matse ka san manyan dakaru ne, in biyu ka gani a warwatse ka san 'yan tsokana ne. Wato dandamalin ya zama rubutu, ana karanta shi daga nesa.

Illar ita ce, duk ranar da masu dokoki suka sauya ma'auni, sai mutum ya zauna da wuƙa yana ɓamɓare sojojin da ya shekara yana mannawa, wasu su karye a idon sawu. Wannan baƙin ciki bai taɓa ƙarewa ba. A 2015 kamfanin Games Workshop ya rushe tsohuwar duniyar Warhammer ya kawo Age of Sigmar, dandamali ya tashi daga mai kusurwa huɗu ya koma zagayayye, jama'a suka yi ta kumfar baki. A 2024 ya dawo da tsohuwar duniyar da sunan The Old World, da dandamali mai kusurwa huɗu, amma ya fi na da faɗi. Ni dai a nawa ganin ba dabarar yaƙi ce kaɗai ke jawo irin wannan ba. Sojojin ne ke ta ƙiba shekara bayan shekara saboda babba ya fi ɗaukar ado ya fi kuma tsada, dandamali kuma dole ya bi su.

Tun da na ambaci wannan kamfani bari in taƙaita tarihinsa. A Amurka Gary Gygax da Jeff Perren sun fitar da Chainmail a 1971, da 'yan shafuka a ƙarshe na dodanni da matsafa, daga nan Dungeons & Dragons ya fito a 1974. A 1975 wasu samari uku a Landan, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka kafa Games Workshop. Suka haɗa hannu da Bryan Ansell aka kafa Citadel Miniatures a Newark, Warhammer ya fito a 1983, Warhammer 40,000 a 1987. Kamfanin ya tare a Nottingham, tsofaffin ma'aikatansa suka yi ta buɗe nasu a kewaye. A watan Disambar 2024 ya shiga sahun kamfanoni 100 mafiya girma a kasuwar hannun jari ta Landan. Sojan roba ke nan.

Abin da dodanni suka yi wa fenti shi ne sun 'yanta shi. Babu littafin tarihin da zai ce maka fatar dodo kore ce ko shuɗiya. Mujallar White Dwarf ta riƙa buga ayyukan masu fenti irin su John Blanche da Mike McVey, a 1987 aka fara gasar Golden Demon, wadda gwaninta ke tafiya gida da takobi na gaske. Fentin ruwa mai saurin bushewa ya kori fentin mai mai wari. Tsarin aikin da aka gada daga wancan lokaci bai sauya sosai ba. Za a kankare zaren da mazubi ya bari, a fesa shimfiɗa baƙa ko fara, a sa launin kowane sashe, sannan a kwarara tsinkakken fenti mai duhu ya gangara cikin lunguna ya zama inuwa. Daga nan a ɗauki buroshi a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama, sai tudun gashi da zoben sulke su ɗauki haske. Dalilin duk wannan wahala shi ne abu ƙarami ba ya yin inuwar kansa yadda ido zai gani, dole a zana masa ita. Gwanaye har ƙarfe suke zanawa ba da fenti mai ƙyalli ba, da baƙi da toka da fari kawai, ido ya rantse takobi ne ke walƙiya. Buroshin da suka fi so kuwa daga gashin wutsiyar wata 'yar dabba ta Saiberiya mai kama da tunku ake yin sa. Ga malalata irina, a 2019 aka kawo fentin Contrast mai yin launi da inuwa a shafa guda. Duk da haka kusan kowane mai wannan sha'awa yana da tulin sojoji masu launin toka a ƙarƙashin gado da ya saya bai taɓa ba, har ta kai dokokin Warhammer 40,000 na 2020 sun ba da maki 10 kyauta ga wanda ya zo da runduna mai fenti da dandamali gyararre.

Adon dandamali shi ma ya yi tafiya. A da kwali ne a shafa masa kore a wuce, ko a barbaɗa garin katako da aka rina. Peter Gilder na cikin waɗanda suka yayata gina ƙasa a kai da abin cike tsagar bango, a dasa ciyawa da duwatsu. Yanzu farin gam na kafinta ake shafawa, a tsoma cikin yashi, a yi fenti, a manna tuntun ciyawar roba da ɓawon toshiyar kwalba a madadin dutse. Kuma a nan ne mai fenti ke yanke hukunci mai nauyi, domin da zarar ya zuba ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafar soja, to ya ɗaure shi a hunturu har abada, ko da teburin hamada aka kai shi.

To ina mu a ciki? Yaƙe-yaƙen mulkin mallaka babban reshe ne na wannan wasa, musamman tun da Larry Brom ya fitar da dokokin The Sword and the Flame a 1979. Yaƙin Mahadi na Sudan na cikin waɗanda aka fi so, kuma dalilin fenti ne: jibbar Ansaru fara ce mai faci-faci ja da shuɗi da baƙi, tana da daɗin zanawa. Tagwayen nan Alan da Michael Perry, waɗanda ke cikin gwanayen sassaƙa na wannan fage, suna da akwatin Ansaru na roba. Shi Michael ya rasa hannunsa na dama a 1996 lokacin da igwa ta tashi da shi a wajen kwaikwayon wani tsohon yaƙi a Faransa, ya koyi sassaƙa da hagu ya ci gaba. Ina girmama wannan ƙwazo. Amma ina kuma tuna cewa a Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, Ansaru fiye da 10,000 suka kwanta dama, ɓangaren Kitchener kuwa ba su kai 50 ba. Yaƙi irin wannan ba ya wasuwa sai an yi masa kwaskwarima, a ƙara wa mai mashi sa'ar da bai samu a zahiri ba, ko a rage wa bindiga mai ruwa kaifi.

Ana kuma zuba sojojin Hausawa, sai dai galibi a ɓangaren Bature: rundunar da Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ta yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da magajiyarta ta zamanin Lugard, masu jar dara. Ita ce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato a Giginya ranar 15 ga Maris, ta kuma cim ma Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda ya yi shahada, ragowar jama'arsa suka bi ɗansa Mai Wurno zuwa gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Ɗaya ɓangaren, wato barade da 'yan lifida da 'yan baka, rabonsu a kasuwar kaɗan ne. A jerin rundunonin DBA ma, dauloli irin su Mali da Songhai da maƙwabtansu an cusa su ne a ƙarƙashin suna guda, Sudan ta Yamma, daga shekarar 1000 zuwa 1591, alhali Rumawa kaɗai sun samu jeri bayan jeri.

Baturen da ya yi niyyar yi wa ɗan lifida fenti da gaskiya, ina zai duba? Zanen da ke littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826, mai nuna barden Shehun Borno cikin sulke da mahayin Bagarmi cikin lifidi, da littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, da 'yan kayan da ke gidajen tarihi. Mu kuwa abin da yake lalube a takarda muna ganinsa da rai a hawan sallah: yadda lifidi ke kumbura da audugar rimi, yadda kwalkwali ke zama a ka, yadda ƙura ke dusashe jan launi kafin la'asar. Mun kuma taso muna ƙera dawakin laka a bakin kududdufi muna jera su a rana su bushe, saboda haka hannun ba baƙo ba ne. Yanzu da na'urar da ke gurza mutum-mutumi daga zanen kwamfuta ta yi araha, ba sai an jira wani kamfani a Nottingham ya ga dama ba. Matashin da ya iya zane a Kano ko Damagaram zai iya fitar da Madawaki da Barde da 'yan bindigar sarki yadda suke.

In hakan ta samu, shawarata ɗaya ce, kuma a kan dandamali take. Yawancin sojojin Afirka da na gani a hotuna an tsayar da su ne a kan rairayi rawaya, kamar dukkan nahiyar Sahara ce. Wanda ya tsaya a bayan ganuwar Kano a watan Fabrairu ba rairayi ya taka ba. Gona ce da aka girbe, kunya-kunya ta bushe ta yi tauri, ƙasa ja-ja mai haɗe da toka, tushiyar dawa a tsaye jefi-jefi, busasshiyar ciyawa mai launin kara, da farin hazon hunturu a kan komai. Tsinken tsintsiya da aka yanka gajere aka tsoma a gam zai yi tushiyar dawa sarai, ƙasar kuma a ɗebo ta bayan gida a tankaɗe da rariya. Mu kwana nan.